Koren Hasken da Rana ke Bari a Kan Teku

Assalamu alaikum. Jama'a, zan fara da maganar da na san wasunku ba za su yarda da ita nan take ba. Idan ka tsaya a bakin teku da yamma lis, ka ga gindin rana ya taɓa ruwa, to ranar ta riga ta faɗi. Abin da kake kallo hotonta ne da iska ta ɗago maka.

Wanda ya taɓa tsoma cokali a kofin ruwa ya ga kamar ya karye, ya san haske na lanƙwashewa idan ya shiga abin da ya fi kauri. Iskar da ta lulluɓe duniya ta fi kauri a ƙasa, tana raguwa in an yi sama. A daidai inda sama ta haɗu da ruwa, lanƙwasar kan ɗaga hoton rana da ɗan abin da ya haura rabin digiri, alhali faɗin ranar kanta a idonmu kusan rabin digiri ne. Kun ga an ɗago ta ɗungurungum ke nan. Kuma gindinta ya fi samanta ɗaguwa, shi ya sa take bajewa kamar ƙwai.

Jan da take yi ba abin mamaki ba ne. Hasken rana ya ƙunshi launukan bakan gizo, iska kuwa ta fi watsa shuɗi fiye da ja, kamar yadda masanin kimiyya Lord Rayleigh na Ingila ya bayyana a 1871. Da faɗuwar rana hasken kan ratsa iska ninki kusan 38 na wadda yake ratsawa in rana tana tsaka, sai shuɗin ya zube a hanya, ja ya iso.

To, yanzu ga abin da ya kawo ni. Kowane launi da irin lanƙwasarsa. Ja ne ya fi ƙarancin lanƙwasa, kore ya fi shi, shuɗi ya fi kore. Saboda haka ba rana guda ke faɗuwa ba, hotuna ne a jere, ɗaya ya ɗan leƙo bisa ɗaya. Jan ya fara nutsewa, ruwan ɗorawa ya bi shi. Shuɗin da ya kamata ya zama na ƙarshe iska ta riga ta watsar da shi. Me ya rage? Kore. Daƙiƙa ɗaya ko biyu, wani ɗigo kore shar a kan ruwa, sai ya ɓace.

Wannan bakin kore siriri ne ƙwarai, ido ba ya kama shi sai kawalwalniya ta faɗaɗa shi. Idan ruwan ya fi iskar da ke samansa ɗumi, za ka ga wata rana ta taso daga cikin teku ta tarye ta sama, su haɗe kamar tulu mai gindi. Duk yammacin da ka ga haka, ka kasa ido.

Na ji wani daga baya yana cewa ko gajiyar ido ce, don wanda ya daɗe yana kallon ja yakan ga kore. Tambaya ce mai kyau, an kuwa daɗe ana wannan gardama. Amma kyamara na ɗaukarsa, kuma ana ganinsa da fitowar rana, kafin ido ya kalli wani ja.

Akwai kuma shekarun da sama kan yi jan da ya wuce ƙima. Bayan dutsen Krakatau na Indunisiya ya yi aman wuta a watan Agusta 1883, toka da hayaƙinsa sun zagaye duniya. A watan Nuwamba, a garin Poughkeepsie na Amurka, har 'yan kwana-kwana suka fito suna zaton gobara ce. An sake ganin irin wannan shafaƙi bayan aman Pinatubo na Filifin a 1991.

Mai son ganin koren nan, don Allah ya kiyaye idonsa. Kada ka zura wa rana ido tana sama, kada ka kalle ta da madubin hangen nesa. Ka nemi yammacin da babu hazo, babu gajimare a bakin ruwa, ka kau da kai har sai abin da ya saura bai fi yankan farce ba, sannan ka juyo.