Tsuntsun da ke cin rani a garinmu, ga sheƙarsa a Sifen

Salamu alaikum jama'a, ku yi haƙuri da muryata ƙasa-ƙasa, yau ba a ɗaga murya a nan. Ina yankin Extremadura a yammacin Sifen, kusa da gandun dajin Monfragüe, ina tare da masu sa kai da ke bibiyar sheƙar wani tsuntsu da su nan suke ce wa alcaudón común.

Bari in matso da kamara. Kun gan shi can kan wayar shinge? Ƙeyarsa ja-ja kamar an sa mata lalle, fuska da baƙin ratsi ya ratsa ido, ciki fari tas. Wannan namijin ne, yana zaune yana leƙen ƙasa, da ya hango fara ko buzuzu sai kawai ya dira ya sure ya kai wa matar, don ita ce ke kwanci kusan sati biyu, ƙwai biyar ko shida, shi kuma cefane nasa ne. Wani lokacin har ƙaramin ƙadangare yake kamawa ya tsire a jikin ƙaya ya ajiye.

Aikinmu ba wani abu ba ne illa haƙuri. Mu zauna nesa da madubin hangen nesa, mu rubuta sau nawa ya kawo abinci, yaushe aka ƙyanƙyashe, 'ya'ya nawa suka tashi, su kuma sai sun yi sati biyu da 'yan kwanaki kafin su bar sheƙa. Ba ma zuwa gindin bishiyar sai da dalili, kuma ba a daɗewa, saboda akwai dangin hankaka a nan masu wayon tsiya, suna kallon inda mutum ya tsaya, kana tafiya su zo su kwashe ƙwan. Shi ya sa ma ba zan nuna muku ainihin bishiyar ba.

Abin da ya sa na damu da shi, wallahi wannan tsuntsun namu ne. Idan ya gama kiwon 'ya'yansa wajen Agusta zuwa Satumba sai ya tsallake Bahar Rum, ya tsallake Sahara gaba ɗaya, ya sauka a Sahel, har Nijar da arewacin Najeriya, yana kan bagaruwa da farar ƙaya lokacin hunturu, yaranmu na bin sa da danƙo. Kuma yawansu na raguwa, nan maganin ƙwari ya rage masa abinci, can gida ana ta sare itatuwan ƙaya ana yin itace da gawayi. Don Allah mai gona, in akwai bagaruwa a bakin gonarka ka bar ta.

Tsaya... ga shi ya dawo da fara a baki, ita ma matar ta ɗago kai. Bari in rubuta lokaci, ƙarfe tara da minti goma, sai mu lallaɓa mu wuce sheƙa ta gaba kafin rana ta yi zafi.