Amsoshin Tambayoyinku: Ina kuɗin kamfanin suke tafiya?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙon farko daga Kano yake, wani bawan Allah mai kamfanin kai saƙo da babura, ya ce akawunsa ya kawo masa lissafin shekara ya ga an raba kuɗin da aka kashe gida biyu, shi kuma ba kaya yake sayarwa ba balle a ce ga kuɗin sari, to me ake rabawa?

To Alhaji, mai shago sai ya cire kuɗin sari yake sanin ribarsa, kai kuma abin da za ka fara cirewa shi ne duk abin da aikin kansa yake ci, fetur, baƙin mai, faci, sarƙa, da kuɗin da ake biyan yaran da ke kan babur. Ranar da ba a fita ba ai ba a ƙona mai ba. Gida na biyu kuma hayar ofis ne, albashin akawu da mai gadi, data, talla, kuɗin wuta, waɗannan ko an kai saƙo ko ba a kai ba sai ka biya.

Mu ɗauka a wata ka yi cinikin naira miliyan 3, gidan farko ya cinye miliyan 1.8, saura miliyan 1.2, ofis ya ɗauki 700,000, to 500,000 ce ribarka kafin haraji. Amfanin rabawar shi ne ka gane inda ciwon yake. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 masu irin sana'arka da yawa a gidan farko suke jin jiki, kuma idan abin da ya rage bayan an cire gidan farko ne ya tsuke wallahi ko ka sallami mai gadi ba abin da zai canja a can, kuɗin kai saƙon ne ya yi arha ko kuma yaran suna zagaye gari da saƙo ɗaya tal. Sannan za ka ga wani layi na tsufan kayan aiki, kar ka ce akawu ya ƙirƙiro, babur ɗin miliyan 1.2 da kake sa ran zai yi shekara 3 ana rubuta masa 400,000 duk shekara ne.

Sai wata Hajiya daga Kaduna mai kamfanin shara da goge-gogen ofisoshi, ta ce takarda ta nuna riba amma asusun banki wayam.

Hajiya wannan ruwan dare ne. Aikin da kika gama a Disamba a Disamba ake rubuta shi, ko da sai Maris za a biya ki, alhali albashin ma'aikata da sabulu da tsintsiya tuni kin biya. Harajin VAT ɗin nan, wanda ake ɗorawa kan kuɗin kaya ko aiki, na kashi 7.5 da ake karɓa tun Fabrairun 2020, in kina sa shi a rasit, na gwamnati ne, ajiya kawai kike yi. Kuma gaskiya sai na faɗa, kuɗin cefane da gudunmawar biki da ake zara daga asusun kamfani ba sa shiga kuɗin gudanarwa, shi ya sa riba take nan a takarda. Ki ce akawu ya kawo miki takardar shiga da fitar kuɗi, da sunayen masu riƙe miki bashi da watannin da kowa ya yi bai biya ba.