Sharhi: Masu raina ƙwallon hannun Masar su zo mu yi lissafi

Jama'a masu sauraro, akwai wata magana da na gaji da jin ta, kuma a makon nan wani ya sake maimaita min ita da ƙarfin hali. Wai me ake ta zuzuta ƙungiyar ƙwallon hannu ta maza ta ƙasar Masar, alhali ko lambar tagulla ba ta taɓa ratayawa ba a gasar duniya ko a Olamfik? Wai duk inda ta kai sa'a ce ta kai ta, shi ya sa ba ta ƙarasawa. To, mai wannan magana ya zauna mu yi lissafi, don na lura yawancin masu yanke wannan hukunci ko bambancin ƙwallon hannu da ƙwallon kwando ba su sani ba.

Ƙwallon hannu wasan mutum bakwai-bakwai ne, shida a fili ɗaya a raga, ana yin minti 30 a juya a sake yin 30. Wasa ne da Turai ta riƙe wa wuya tun fil azal. Kofin duniya na maza bai taɓa barin nahiyar Turai ba, ko sau ɗaya. Ku riƙe wannan, don a kansa za a auna komai.

A shekarar 2022, da Maroko ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar ƙwallon ƙafa ta duniya a Qatar, Afirka kaf ta ɗauki guɗa, kuma ta cancanci guɗar. Amma shekara 21 kafin nan, a 2001 a Faransa, 'yan ƙwallon hannun Masar sun riga sun taka irin wannan matsayi. Sun fitar da Rasha, wadda a lokacin ita ke riƙe da zinaren Olamfik na Sidni, suka zama ƙasa ta farko daga wajen Turai da ta shiga sahun huɗun ƙarshe a gasar duniya. Faransa mai masaukin baƙi ce ta tare su, Yugoslabiya kuma ta hana su tagulla. Wa ya yi musu guɗa? Su waye suka ba su ko minti biyar a shirin wasanni? Mu ma 'yan jarida da laifinmu, in dai ba ƙwallon ƙafa ba ne sai mu yi kamar ba mu gani ba.

To a ce 2001 sa'a ce. Na yarda, don a wuce wurin. Sai dai a koma baya shekara takwas. A 1993 Masar ta karɓi baƙuncin gasar duniya ta matasa, ta kuma cinye kofin a gaban jama'arta. A cikin waɗannan samari aka samu ginshiƙan babbar ƙungiyar da ta zo ta shida a Olamfik na Atlanta a 1996, ta zo ta bakwai a gasar duniya da aka yi a Masar a 1999, sannan ta kai huɗun ƙarshe a 2001. Mutum ya share gona, ya yi shuka, ya yi noma, damina ta kai ƙarshe ya yi girbi, sai wani ya zo wucewa ya ce ai tsintuwa ya yi. Haba jama'a!

Abin da ya fi burge ni ma shi ne sun maimaita. Bayan waccan tawaga ta tsufa, Masar ta yi sanyi na wasu shekaru, har Tunusiya ta riƙa shan gabanta a Afirka, ita ma ta kai huɗun ƙarshe na duniya a gida a 2005. Masarawa ba su tsaya kukan baya ba, suka koma kan yara. A 2010 samarinsu suka ci zinare a Olamfik na matasa a Singafo. A 2019 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke Jamus a wasan ƙarshe a Masedoniya ta Arewa, suka ɗauki kofin duniya. Shekara biyu kacal bayan haka, a Olamfik na Tokiyo, babbar ƙungiya ƙarƙashin koci ɗan Sifaniya Roberto Garcia Parrondo ta lallasa Jamus da ci 31 da 26, ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe a ƙwallon hannun Olamfik. Hanya ɗaya aka bi har sau biyu, aka kuma isa wuri ɗaya. Wace irin sa'a ce take bin tsari haka?

Wasu kuma sukan ce ai shugaban hukumar ƙwallon hannu ta duniya, Hassan Mustafa, Bamasare ne, tun shekarar 2000 yake kan kujera, don haka ɗaurin gindi ne. Wannan ko amsa ba ta cancanta ba. In da ɗaurin gindi ke ba da kofi, ai da shekara 20 da ɗoriya sun isa a cika kabad. Mai wannan zargi ya je ya kalli wasan da aka yi a Alƙahira a watan Janairun 2021.

Bari in tsaya a kan wannan wasa, don duk wanda ya kalle shi bai manta ba. Gasar duniya ce, a gidan Masar, amma annobar korona ta hana 'yan kallo shiga, wato an ƙwace musu babban makamin mai masauki. Zagayen 'yan takwas, abokiyar karawa Danmak, mai riƙe da kofi. Aka tashi 28 da 28. Aka shiga ƙarin lokaci, a daƙiƙun ƙarshe aka ba tauraron Danmak Mikkel Hansen jan kati, Masar ta farke, 34 da 34. Aka sake ƙarin lokaci, Masar na gaba da ci ɗaya, nasara ta zo har bakin ƙofa, sai ɗan wasanta shi ma ya yi kuskuren da ya jawo jan kati da jifan daga kai sai gola. Danmak ta farke, 35 da 35. Aka tafi jifan raba gardama, aka tashi 39 da 38. Danmak ɗin nan ita ta je ta ɗauki kofin, ta kuma sake ɗauka a 2023 da 2025. Ƙungiyar da ta gagari Turai baki ɗaya, ita ce Masar ta riƙe wa maƙogwaro minti 80. Sannan wani yana zaune kan benci yana tambayar me suka tsinana!

A nan zan faɗi abin da ni ma yake damu na, don kada a ce na rufe ido. Irin wannan faɗuwa ta yi yawa. A Tokiyo, Sifaniya ta hana su tagulla da ci 33 da 31. A Olamfik na Faris a 2024, Sifaniyar dai ta fitar da su a zagayen 'yan takwas da ci 29 da 28 bayan ƙarin lokaci. A gasar duniya ta 2025, suna kunnen doki da Faransa, agogo na shirin bugawa, Luka Karabatic ya wurgo ƙwallo tun daga tsakiyar fili ta faɗa raga, 34 da 33. Sau ɗaya ƙaddara ce, sau biyu ma a ce ƙaddara, amma sau huɗu? Akwai abin da ke kuɓuce musu a minti biyun ƙarshe, ko natsuwa ce, ko ƙarancin 'yan canji masu nauyin na farko. Wannan suka ce ta gaskiya, kuma Masarawa da kansu suna yin ta. Sai dai a lura da kyau: mai wannan suka ya riga ya amince cewa ƙungiyar tana isa wurin da ci ɗaya ke raba ta da zakarun duniya, gasa bayan gasa. Tun 2021 ba a yi babbar gasa ba, ta duniya ko Olamfik, har zuwa ta 2025, da Masar ba ta shiga takwas ɗin ƙarshe ba. Mai sa'a sau ɗaya yake leƙowa ya ɓace.

A Afirka kuwa maganar gajeruwa ce. Kofin nahiyar tun da aka fara shi a 1974 bai fita hannun ƙasashe uku ba: Tunusiya, Aljeriya da Masar. Masar ce ta zo a makare, sai 1991 ta fara ɗauka, amma zuwa 2024 ta tara guda tara, uku na ƙarshe a jere: 2020 a gidan Tunusiya, sai 2022 da 2024 a Alƙahira.

Daga ina ƙarfin yake fitowa? Daga kulob-kulob. Al Ahly da Zamalek, waɗanda muka fi sani da ƙwallon ƙafa, suna da sassan ƙwallon hannu masu rai, da ɗakunan wasa, da masu horar da yara tun suna ƙanana, kuma hamayyarsu a can ba ta gaza ta filin ƙwallon ƙafa zafi ba. A nan Ahmed El-Ahmar ya yi suna har ya zama madubin 'yan baya. Daga nan Turai ta fara zuwa cefane: Yahya Umar ya tafi Veszprem ta Hangari, daga baya Paris Saint-Germain, Ali Zain ya sa rigar Barcelona, Muhammad Sanad ya daɗe yana zura ƙwallaye a gasar Faransa. Kulob ɗin Turai ba ya fitar da kuɗinsa don yaro ya yi sa'a a wasa ɗaya. Qatar ta kai wasan ƙarshe na duniya a 2015, amma da 'yan wasan da ta ba takardar zama 'yan ƙasa daga wurare daban-daban. Na Masar kuwa 'ya'yanta ne, ita ta raine su.

Mu kudu da Sahara da muke da bakin raini, me muka ajiye? Najeriya sau ɗaya tak mazanta suka je gasar duniya, a 1999, a Masar ɗin nan da ake rainawa, kuma a zagayen farko suka dawo. Kef Bad, tsibiran da mutanensu ba su fi rabin miliyan da kaɗan ba, ta kai wasan ƙarshe na Afirka a 2022. Ta haɗu da Masar, aka tashi 37 da 25.