Muryoyin da Soyinka ya ji ta bayan katanga a kurkukun Kaduna

Masu kallonmu, assalamu alaikum. A shekarar 1967, lokacin da Katsina take cikin Jihar Arewa ta Tsakiya kuma Kaduna ce hedikwatarmu, an kulle wani marubuci a gidan yarin birnin, ba tare da an taɓa gurfanar da shi gaban alƙali ba. Marubucin shi ne Wole Soyinka, wanda daga baya, a 1986, ya zama ɗan Afirka baƙar fata na farko da ya karɓi kyautar Nobel ta adabi.

Abin da ya kai shi ga wannan hali shi ne tafiyar da ya yi zuwa Inugu jim kaɗan bayan ɓarkewar yaƙin basasa, inda ya gana da Odumegwu Ojukwu, jagoran 'yan awaren Biyafara, da nufin neman hanyar dakatar da zubar da jini. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ɗauki wannan ganawa a matsayin haɗa baki da 'yan tawaye, aka kama shi a watan Agusta, aka fara tsare shi a Kirikiri ta Legas, sannan aka kawo shi Kaduna. Sai a watan Oktoba na 1969 aka sake shi, kuma mafi yawan wannan lokaci ya yi shi ne a keɓe, shi kaɗai.

An hana shi takarda da alƙalami, don haka ya haɗa tawadarsa da kansa, yana rubutu a kan kwalin sigari da takardar bayan gida da tsakanin layukan 'yan littattafan da suka iso hannunsa a ɓoye. Daga waɗannan guntaye ne littafinsa mai suna The Man Died ya fito a 1972, kuma ma'anar sunan ita ce, mutumin ya mutu.

Mutumin da ake nufi ba Soyinka ba ne. Wani ɗan jarida ne, Segun Sowemimo, wanda sojoji suka yi wa dukan kawo wuƙa har aka fitar da shi Ingila neman magani, kuma da marubucin ya nemi labarinsa, amsar da ta zo masa ta wayar tangaraho ita ce waɗannan kalmomi. A ganina, a nan ne darajar littafin take, domin mutumin da ya sha wahalar da ta isa ya cika littafi da labarin kansa, ya zaɓi ya sa wa littafin suna da mutuwar wani.

Haka abin yake game da sauran fursunoni. Da yawansu 'yan ƙabilar Ibo ne da aka kwaso ba don an same su da laifi ba, sai don asalinsu, kuma ya rubuta yadda yake jin waƙarsu cikin dare. A Kaduna kuwa, inda katanga ta raba shi da kowa, kunne ne ya zame masa ido: yana jin nishin marar lafiya da babu mai kula da shi, yana jin ƙarar sarƙa a ranar da ake wucewa da waɗanda za a rataye. Bai san sunayen yawancinsu ba, watakila iyalansu ma ba su san inda suke ba, amma ya rubuta cewa sun rayu a wurin kuma sun sha azaba.

Littafin yana da zafin harshe, ya ambaci manya da sunayensu, kuma akwai dattawanmu da suka ga yaƙin da idonsu waɗanda ba su yarda da hukuncin da ya yanke wa shugabannin wancan zamani ba. A 1984 wata kotu ta haramta sayar da shi a Nijeriya, shekara goma sha biyu bayan fitowarsa.