Sharhi: Kujerar Adaidaita Sahu da Lafiyar Fasinja

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Tun da gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a kan babur a Janairun 2013, adaidaita sahu ta zama ƙafar talaka. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ce ta fara kawo ta domin mata, yau kuwa malami da ɗan kasuwa da mai juna biyu duk ita suke hawa. To amma wa ke duba yadda aka ƙera ta?

Yawancinsu daga Indiya ake shigo da su, ƙirar Bajaj da TVS. Mutum uku aka yi wa kujerar baya, gaba kuwa direba shi kaɗai. Da zarar an cusa na huɗu a baya, an ɗosana wani a gefen direba, nauyi ya karkata, hannun direba ya takura. Abin hawa mai taya ɗaya a gaba, biyu a baya, ba ya jure kwana da gudu. Nan da nan tayar baya ɗaya ta ɗaga, sai kifewa. Ga shi babu ƙofa, babu bel. Wanda ke zaune a bakin kujera shi ke fara faɗawa kan kwalta.

Ko ba hatsari, akwai wahala. Tayoyin ƙanana ne, kowane rami sai ya bugi ƙugun fasinja. Soson kujera ya mutu, injin da ke ƙarƙashinta yana turo zafi, gwiwa na gugar ƙarfen da ke bayan direba. Ku dubi tsohuwa tana neman abin kamawa za ta hau, ba ta samu ba. Abin nan yana ci mini rai.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. A Najeriya hannun dama ake tuƙi tun 1972, don haka a gitta ƙarfe a ɓangaren hagu, kowa ya sauka ta gefen titi. Mai walda zai iya sa mariƙi da matakala, mai ɗinkin kujera ya sauya soso.

Muna kira ga KAROTA, wato hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, da ƙungiyoyin direbobi: ranar sabunta rajista, a duba birki da madubi da kujera kamar yadda ake duba takarda, kuma a cire katakon da ake ƙarawa a gefen direba.