Elektron Mazauna Zaure: Lacca ga Ɗaliban Kimiyya a Damagaram

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? Madalla. Abu uku na zo da su yau game da ƙwayar zarra, wato atom.

Na farko, elektron, ƙananan ƙwayoyin nan da ke kewaye cibiyar atom, ba barkatai suke zama ba. Ɓawo-ɓawo suke, kamar albasar Galmi: ɓawon ciki na ɗaukar 2, mai bi masa 8. Tun 1913 Niels Bohr ya kawo wannan tunani.

Amma ni ɓawon waje nake so. Ku tuna gidajen Birni. Baƙo ba ya kutsawa cikin gida. A zaure ake tarbarsa, a zaure ake ciniki, a zaure ake sulhu. To elektron na ɓawon waje su ne mazauna zaure, halin atom gaba ɗaya a hannunsu yake. Ku rubuta wannan, a hannunsu yake!

Ga sodiyum, elektron 11: 2, 8, 1. Ɗaya tal a zaure, ya ƙagu ya rabu da shi. Ka jefa gutsurensa a ruwa, sai ya hau tsalle yana huci, wani lokaci har wuta ta tashi. Kai mai dariya, kada ka gwada a randar innarka! Ga kuma klorin, 17: 2, 8, 7. Ɗaya yake nema ya cika takwas. Iska ce mai guba, da ita aka kashe sojoji a Turai a 1915. Sodiyum ya miƙa, klorin ya karɓa, kowa ya samu takwas a waje. Me aka samu? Gishiri! Gishirin nan na Bilma da raƙuma ke ratso Tenere da shi, wanda ke cikin miyarku ta daren jiya. Wuta da guba, elektron ɗaya ya mai da su abinci. Wallahi duk lokacin da na faɗi wannan sai tsigar jikina ta tashi. Ikon Allah.

Na uku... ko na biyu muke? To, neyon 2, 8 ne, zaurensa cike, ba ya ciniki da kowa. Karbon 4 gare shi a zaure, shi tarayya yake yi, ba kyauta ba. Ɗige-ɗigen nuna elektron na zaure da Gilbert Lewis ya fito da su a 1916, sai mako mai zuwa.

Na'am, ga hannu can.

"Mushe, uraniyum na Arlit fa? Ƙarfinsa daga zaure yake?"

A'a, ƴata, kin yi tambaya mai kyau. Wannan daga ƙuryar ɗaki yake, daga cibiyar atom, inda wasu ƙwayoyi da ake kira proton, guda 92, suke cunkushe. Cibiyar ake fasawa, ba ruwan zaure. Miƙo min allin nan in zana miki.