Amsoshin Tambayoyinku: Shin dokar kare namun daji ba ta hawa kan sojojin Amurka?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wani malamin makaranta a Damagaram. Ya ce ya ji labarin cewa a Amurka dokar da ke kare dabbobin da ke dab da ƙarewa ba ta hawa kan sojoji, shin gaskiya ne?

To Malam, akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba a sakar musu mara gaba ɗaya ba. An kafa dokar a 1973, kuma har gobe haramun ne soja ya kashe irin waɗannan dabbobi da gangan. Abin da ya sauya shi ne, a ƙarshen 2003 majalisar dokokin ƙasar ta amince cewa ba za a ayyana filin soja a matsayin keɓaɓɓen mazaunin dabba ba, muddin sansanin yana da nasa tsarin kula da daji wanda ma'aikatar cikin gida ta gamsu da shi. Hujjar ma'aikatar tsaro ita ce ƙa'idojin suna takura atisaye.

A tudu, gaskiya tsarin ya yi abin a yaba. A sansanin Fort Bragg da ke jihar Karolina ta Arewa akwai wani maƙwaƙƙwafi da ke sassaƙa gidansa a jikin ɗanyen itace, kuma ba ya zama sai a dajin da wuta ke share ciyawarsa lokaci-lokaci. Sojoji suka riƙa cinna wutar da kansu bisa tsari, suka zagaye itatuwan da yake sheƙa da farin fenti don kada dakaru su kusance su. Tsuntsun ya hayayyafa, har a 2024 aka sauko da shi daga sahun waɗanda ke bakin ƙarewa.

A teku kuwa labarin ya sha bamban, kuma nan ne abin ke ci mini tuwo a ƙwarya. Sojojin ruwa na amfani da wata na'ura mai harba ƙara a ƙarƙashin ruwa don gano jiragen yaƙi masu nutso. Manyan dabbobin teku, irin su wel, da ji suke neman abinci, da ji suke gane hanya. A watan Maris na 2000, bayan wani atisaye a tsibiran Bahamas, 17 daga cikinsu suka faɗo gaɓa, wasu suka mutu, aka kuma ga jini a kunnuwansu. Rundunar da kanta ta yarda cewa na'urarta ce mafi kusa da zama sanadi. Duk da haka gyaran 2003 ya ba sakataren tsaro ikon ɗage wata doka ta daban, wato ta kare dabbobin teku, daga kan sojoji har tsawon shekara 2, sannan a 2008 Kotun Ƙoli ta soke wasu takunkumai da wata ƙaramar kotu ta sa wa atisayen a gaɓar Kalifoniya.

Ba na musun cewa soja na buƙatar horo. Damuwata ita ce, itacen da aka shafa wa fenti kowa na iya zuwa ya ƙirga, amma dabbar da ta kurmance a tsakiyar teku sau da yawa nutsewa take yi ba wanda ya gani, kuma mai atisayen ne ke kawo yawancin rahoton ɓarnar da ya yi.

Mun gode, Malam, Allah ya bar zumunci. Sai wasiƙa ta gaba, daga Kumasi.